Abokai sun gayyace ni gidan gasa nama a Koriya, yaya zan yi?

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ban daɗe da zuwa Daejeon karatu ba. Abokan karatuna 'yan ƙasar sun ce ranar Juma'a da yamma za mu fita cin gasasshen nama. Ban taɓa shiga irin wurin ba. Ni Musulmi ne, ba na son in ci abin da bai halatta ba, kuma ba na son in ɓata musu rai. Yaya tsarin yake, me ya kamata in yi?

Amsa: Ƙanena, sannu da zuwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tun yau, kafin Juma'ar ta zo, ka nemi wanda ya shirya fitar ka tambaye shi wane gida za a je, naman me ake gasawa a can. Duk sauran abin da zan faɗa maka yana bayan wannan. Dalili kuwa shi ne, a gidan gasa nama na Koriya ba a kawo wa kowa farantinsa. Wuta ɗaya ce a tsakiyar tebur, ƙarfen gashi ɗaya ne, kowa a kansa zai ɗauka. In an riga an zauna, an zuba naman alade yana tsiyayar da kitse, to babu wani lungu na ƙarfen nan da za ka ce naka ne. Maganar da za ta yi maka sauƙi ranar Talata, ranar Juma'a a gaban mutum takwas masu jin yunwa nauyi za ta yi maka.

Kada ka ɗauka cewa da an ce gasasshen nama, na shanu ake nufi. Idan ɗalibai ko ma'aikata suka ce za su je cin nama, mafi yawan lokuta samgyeopsal suke nufi, wato naman cikin alade mai layin kitse. Shi ne mai araha idan aka kwatanta da na shanu, shi ne kuma abin da ake haɗawa da barasarsu ta soju. Har rana suka ware masa, 3 ga Maris. Arahar ma yanzu ta ja baya, don a watan Mayun 2024 matsakaicin farashin giram 200 nasa a gidajen abinci na Seoul ya haura won 20,000, abin da jaridunsu suka yi ta magana a kai. Duk da haka bai kama ƙafar naman shanun gida ba, wanda suke kira hanwoo. Shi wannan ana ba shi daraja hawa biyar, daga 1++ a sama, sai 1+, 1, 2, 3, gwargwadon yadda kitse ya ratsa tsoka da wasu siffofin. Ɗalibai ba sa zuwa gidan hanwoo sai in farfesa ne zai biya. Saboda haka idan ka ce a sauya zuwa gidan naman shanu, ka san cewa aljihunsu ka taɓa, sai ka yi maganar da lura.

Su kansu gidajen iri-iri ne, kuma yawancinsu abu ɗaya suka ƙware a kai. Akwai na alade zalla, akwai na shanu zalla, akwai masu haɗa duka biyun, musamman gidajen ci-iya-cinka da ake biyan kuɗi ɗaya a ba ka lokaci. Waɗannan na ƙarshen su ne ɗalibai suka fi so, su ne kuma suka fi zame maka matsala, don nama iri-iri ke bi ta kan ƙarfe ɗaya da awartakin juya nama ɗaya. Akwai gidajen agwagwa, akwai na tsiren rago wanda Koriyawan da suka zo daga Sin suka yaɗa, akwai na kaza irin ta garin Chuncheon da ake kira dak-galbi, wadda ake soyawa da kabeji da dankalin Hausa da yaji a babban faranti na ƙarfe. Ka koyi gane rubutu biyu ko uku a allon ƙofa: 돼지 alade ne, 소 saniya, 닭 kaza. In ka ga an rubuta galbi kawai, haƙarƙari ne, amma ba a ce na wa ba. Na alade ya fi yawa a gidaje masu araha, sai ka tambaya.

Sai maganar yanka, wadda a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Rashin alade a tebur bai mayar da naman shanu halal ba. Mahautan Koriya ba yankan Musulunci suke yi ba, sai ƙalilan da aka tanada don haka. Wasu ɗalibai suna kafa hujja da ayar Suratul Ma'ida da ta halatta abincin Ahlul Kitabi, amma ka tuna cewa ƙidayar 2015 ta nuna fiye da rabin mutanen ƙasar ba su da addini, kuma cikin masu addinin akwai mabiya Buddha da yawa. Doka ta tilasta wa gidajen abinci su rubuta ƙasar da namansu ya fito, za ka gani a bango ko a takardar abinci. Yawancin naman shanun da ake shigowa da shi daga Amurka da Ostireliya yake. Ostireliya tana da mahautai da yawa masu shaidar halal saboda kasuwar da take da ita a ƙasashen Musulmi, shi ya sa za ka ji wasu 'yan'uwa suna cewa in na Ostireliya ne su sun ci. Sunan ƙasa a bango dai ba takardar shaida ba ce. Hukuncin nan na malamai ne, sun kuma yi saɓani a kai. Ka tambayi limamin da kake sallah a bayansa, ka tsaya a kan abin da zuciyarka ta natsu da shi. Abin da nake ja maka kunne a kai shi ne kada ka bar shawarar sai nama ya hau wuta.

Hanyoyin da ba su da wannan ruɗani guda biyu ne. Ta farko gidan da ke da shaidar halal. Ƙungiyar Musulmin Koriya, KMF, wadda ke da mazauni a Babban Masallacin Seoul da aka buɗe a 1976 a unguwar Itaewon, ita ke ba da shaidar da aka fi sani, kuma a kan titin da ke hawa zuwa masallacin akwai gidajen da ke yin bulgogi, wato siraran yankan naman shanu da aka jiƙa a haɗi, da sauran abincin Koriya da naman halal. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta kasa gidajen abinci kashi huɗu: masu takardar shaida, waɗanda mai gidan Musulmi ne ya ba da tabbaci da kansa, masu wasu nau'o'in abinci na halal amma suna iya sayar da barasa, da waɗanda alade ne kawai babu. Kashi na huɗun nan shi ke ruɗin baƙi, don ba ya cewa komai a kan yanka. Daga Daejeon zuwa Seoul a jirgin ƙasa na KTX kusan awa ɗaya ne, amma ba za ka ɗebi abokai ka kai su can a daren Juma'a ba. Wannan sai ranar hutu, lokacin da kai ne mai gayyata.

Hanya ta biyu ita ce na fi ba ɗalibanmu shawara a kanta, wato abincin ruwa. Koriyawa suna gasa kifi, suna gasa jatan lande a kan gishiri, suna gasa ƙumba iri-iri a kan garwashi, suna kuma gasa wani dogon kifi mai siffar maciji da suke kira jangeo, wanda suke ɗauka abincin ƙara ƙarfi ne a lokacin zafi. Zaman iri ɗaya ne, wuta a tsakiya, hira ɗaya, babu wanda zai ji an rage masa daɗi. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kanta dabbobin ruwa halal ne ba tare da yanka ba. In za a ci jangeo, ka ce na gishiri kake so, don miyar da ake shafa wa ɗayan tana iya ɗaukar giyar girki.

Wannan giyar girkin ita ce abu na uku da za ka sa wa ido. Nama a gidajen nan kashi biyu ne: wanda aka kawo haka nan ɗanye, sai dai ɗan gishiri, da wanda aka jiƙa a haɗi. Haɗin bulgogi da galbi ruwan waken suya ne mai gishiri, da sukari, da tafarnuwa, da man riɗi, da markaɗaɗɗen fiya irin nasu, wani ɗan itace mai ruwa kamar tuffa da ke tausasa nama, kuma sau da yawa ana ɗan zuba giyar shinkafa don kashe ƙarni. Mai kawo abinci ba lallai ya ɗauki wannan a matsayin barasa ba, in ka tambaye shi zai iya ce maka babu da zuciya ɗaya. Wanda ba a jiƙa ba ya fi aminci, kuma a wurin masana nama shi ne ma na gaba, don naman da ya isa nama ba ya bukatar a ɓoye shi a cikin sukari.

To mu ce an daidaita, an je gidan da za ka iya ci. Da kun zauna, ka duba gefen tebur, akwai ɗan aljihun da cokula da sandunan cin abinci suke ciki. Sandunan na ƙarfe ne, faffaɗa, suna da santsi. In sun gagare ka, nemi cokali mai yatsu, babu mai yi maka dariya. A al'adarsu ƙaramin cikin taro shi ke rarraba cokula ya zuba wa kowa ruwa, shi ya sa ma za ka ga tun haɗuwar farko suna tambayar shekarunka. Rigar sanyinka kada ka rataye ta a fili. Gidaje da yawa kujerunsu suna buɗewa a sa kaya a ciki, wasu kuma babbar leda suke bayarwa, saboda ƙaurin hayaki yana kama tufafi har washegari. Akwai maɓalli a jikin tebur na kiran ma'aikaci, in babu sai a ɗaga murya a ce "jeogiyo". Ana yin odar nama da kason mutum-mutum, kowane kaso tsakanin giram 150 zuwa 200 ne a yawancin wurare, kuma ba a cika karɓar ƙasa da kaso biyu a odar farko ba.

Kafin nama ya iso, za a cika tebur da ƙananan kwanuka, su ake kira banchan: kimchi, yankakken ganyen albasa da yaji, albasa a ruwan tsami, tafarnuwa ɗanya, koren barkono, latas, da wani ganye mai ƙamshi mai ƙarfi da suke kira kkaennip. Duk kyauta ne, in sun ƙare a ƙaro, a wasu gidajen ma kai za ka tashi ka ɗebo. Kimchi kabeji ne da aka tsima da gishiri da barkono da tafarnuwa da ruwan kifi ko ƙananan jatan lande, babu alade a cikinsa. Inda alade ke shiga shi ne in an dafa shi: miyar kimchi kusan kullum da naman alade ake yin ta, haka soyayyiyar shinkafar da ake yi a ƙarshe a kan ƙarfen gashi tana iya zuwa da yankakken naman gwangwani. Za a kuma kawo wani jan ƙulli mai kauri da ake kira ssamjang, haɗin doenjang ne da ƙullin barkono. Doenjang ɗin nan daddawar waken suya ce tasu, kuma hancin da ya saba da miyar kuka ba zai yi baƙunta da ita ba.

Sai a kawo wuta. A wasu gidajen wani ma'aikaci ne zai taho da tukunyar garwashi jajir a hannu yana cewa a ba shi hanya, ya saka ta a ramin tebur, ya jawo bututun da ke rataye daga sama har ya kusa taɓa ƙarfen don ya zuƙe hayaki. A wasu kuma gas ne. Ka ce a sa muku sabon ƙarfe, ka kuma lura da abin da za a shafa masa. Wani wurin da guntun kitse ake gogawa, sai ka tabbata na saniya ne. Neman a canja ƙarfe ba baƙon abu ba ne, su ma suna yi da zarar ya yi baƙi. Ana cewa "bulpan gara juseyo".

In ka samu dama, karɓi awartakin da almakashin ka zama mai gashin teburinku. Wannan ita ce shawarar da na fi so ka riƙe bayan ta farko. Mai gashi shi ke ganin duk abin da ya hau wuta, kuma a idon Koriyawa hidima yake yi wa jama'a, ana gode masa, har a riƙa naɗa masa loma ana miƙa masa don hannunsa bai huta ba. Baƙon da ya zauna yana tsame hannu daga wannan, yana ƙin wancan, dole a ji shi wani iri. Wanda ke tsaye a kan wuta yana rarraba wa mutane nama kuwa, babu mai tuna cewa bai taɓa kofin soju ba.

Gashin ba wuya gare shi, ƙa'idodinsa kaɗan ne. A bar ƙarfe ya yi zafi sosai tukuna. A fara da naman da ba a jiƙa ba, don sukarin ɗayan yana ƙona ƙarfe ya ɓata ɗanɗanon duk abin da ya biyo baya. Kada a cika wutar da nama, a sa daidai wanda za a cinye yana da zafi. Yankan ƙirji mai sirara kamar takarda, chadolbaegi, daƙiƙu kaɗan yake bukata, da ya sauya launi a juya a ɗauke. Mai kauri kuwa a bar shi ya zauna, sai ka ga ruwa ya fara tsattsafowa a samansa sannan ka juya, in ɗaya gefen ya yi sai ka ɗaga shi da awartaki ka yayyanka da almakashi daidai loma, ka tura gefe inda wuta ba ta da ƙarfi. Wanda aka jiƙa shi ne ke son juyi akai-akai, in ka yi hira minti ɗaya ka dawo ka tarar da gawayi. Inda ya ƙone a datse da almakashi a yar. Kaza da kayan ciki sai sun nuna har tsakiya, babu sauran ja. Kuma abin da ka taɓa ɗanyen nama da shi kada ka kai shi baki, kada ka ɗauki gasasshe da shi. Awartaki na ɗanye ne, sandunanka na ci ne. A gidaje masu tsada ma'aikaci ne ke gasawa, a nan sai ka bar masa aikinsa, ba sa son a sa musu hannu.

Cin kuma ga yadda yake. Ka shimfiɗa ganyen latas a tafin hagu, ka ɗora kkaennip a kai in kana so, ka tsoma nama a man riɗi da gishiri ka aza, ka ɗan lakato ssamjang, ka ƙara tafarnuwar da ta gasu ta yi laushi. Ka tattara bakin ganyen ya zama ƙulli, ka mayar hannun dama, ka saka a baki gaba ɗaya. Ba a gutsura, shi ya sa ba a cika shi. Da farko ka ci yanka ɗaya da gishiri kaɗai don ka ji naman kansa. In akwai wanda ya girme ku a wurin, farfesa ko babban ɗalibi, a bar shi ya fara ɗauka. Kafin a fara suna cewa "jal meokgetseumnida", in an gama "jal meogeotseumnida", godiya ce ga wanda ya ciyar. Ka yi bisimillarka ka faɗi tasu, za ka ga yadda fuskokinsu za su sake. Kada ka soke sanduna a tsaye cikin shinkafa, da hidimar matattu suke danganta hakan. In teburi biyu aka haɗa, ɗaya na alade ɗaya naku, ka kula da lomar da wani zai naɗo maka daga can don ƙauna. Ka sa hannu a ƙirji ka yi godiya ka ce "dwaejigogi mot meogeoyo", wato ba ka iya cin alade.

Barasa ba ta rabuwa da wannan zama, ba zan ɓoye maka ba. Koren kwalaben soju, mai ƙarfin kusan kashi 16 zuwa 17 cikin ɗari, da giya, wani lokaci a haɗa su a kofi ɗaya. Akwai hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagaya giya a kansa, kuma akwai 'yan'uwa da saboda shi ba sa zuwa irin wannan fita sam, suna gayyatar abokan cin rana maimakon haka. Ban ga laifinsu ba, cin rana ma ya fi araha kuma ba a cika sha ba. In kai ka yanke za ka je, ka faɗa tun farko cewa addininka ya hana, kada ka ce ba ka jin daɗi yau ko kana shan magani, don gobe za a sake miƙo maka. Kalmar addini suna girmama ta, kuma matasan yanzu da yawa su ma ba sa sha. Abin da za ka roƙa shi ne "saida": a Koriya wannan lemo ne mai gas marar barasa, irin su Chilsung Cider. A al'adarsu mutum ba ya zuba wa kansa, na kusa da shi ke zuba masa da hannu biyu, to kai ka nemi uzuri daga zuba barasa, ka riƙe aikin ruwa da nama.

Bayan nama sukan rufe da taliya mai sanyi, naengmyeon, ko miyar doenjang da shinkafa. Romon taliyar na nama ne, miyar ma wani lokaci ana jefa mata nama, sai ka tambaya. Farar shinkafa da dafaffen ƙwai mai laushi da ake kawowa a tukunyar ƙasa sun ishe ka.

Kuɗi a kanta ake biya wajen fita, ba a barin tukuici. In babba ne ya gayyata, shi zai biya, ja-in-ja da shi a kai rashin ladabi ne. Godiya za ka yi. In ku ɗalibai ne zalla, mutum ɗaya zai miƙa kati, daga baya a raba daidai kowa ya tura masa ta waya. Rabon yakan haɗa da kuɗin barasa, don haka in ba ka son kuɗinka ya shiga ciki ka gaya wa mai lissafin a gefe tun kafin ya raba, galibi su da kansu suke cire wa wanda bai sha ba. A gidajen ci-iya-cinka akwai tarar barin nama a faranti, kada ku ɗebo fiye da cikinku. Daga nan za ka ji ana cewa a tafi zagaye na biyu, wanda yawanci mashaya ce ko ɗakin waƙa. Nan ne wurin sallama. Babu mai riƙe ka don ka tafi bayan na farko. Ka duba lokacin magariba da isha tun kafin ka fita, don zaman yakan ci awa biyu.

Ranar da kake son ramawa, sayo naman halal a shagunan 'yan Pakistan ko Uzbekistan da ake samu a garuruwan da ke da baƙi, ko ka yi oda ta intanet, ka ce a yanka maka shi sirara. Latas da kkaennip da ssamjang kowane kanti akwai, kuma kayan da ke cikin leda ko roba doka ta sa a rubuta in akwai alade a ciki. Ɗan risho mai gwangwanin gas ya wadatar, amma kada ka ɗora masa faranti mai faɗin da zai rufe gwangwanin, zafi na sa shi fashewa. Gawayi kuwa kada ka kuskura ka hura shi a cikin ɗaki, musamman da sanyi da ake rufe tagogi, iskarsa tana kisa ba tare da an ji warinta ba. Yawancin ɗakunan kwanan ɗalibai sun hana girki da wuta, sai ku nemi filin zango ko gidan haya na kwana ɗaya da ke da wurin gashi a waje.